Likita, Zuma Za Ta Raba Ni da Gyambon Bakin Nan?

Wasiƙu huɗu na ware a wannan fitowar, duk a kan zuma da ciwon baki suke, ko da yake masu su ba su san juna ba. Ta farko ce mai tsawo, a kanta kuma zan fi daɗewa.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni malamar makaranta ce, shekarata 34, 'ya'yana uku, ƙaramin yana da shekara ɗaya da rabi. Tun ina budurwa nake fama da wani ƙurji a baki, amma tun haihuwar nan ta ƙarshe abin ya ƙaru. Kusan duk wata sai ya fito, wani lokaci ɗaya, wani lokaci biyu ko uku, a cikin leɓen ƙasa ko cikin kumatu ko gefen harshe. Tsakiyarsa fari, gefensa ja, bai kai ƙwayar wake ba, amma zafinsa sai wanda ya sani. Ranar da ya kama ni a harshe, da ƙyar nake yi wa yara karatu. Yakan yi kwana goma ya tafi, in ce na huta, sai ga wani. Yayata ta ce in riƙa shafa zuma. Na shafa, ta yi mini raɗaɗi kamar an barbaɗa barkono, amma na ga kamar ya fi saurin warkewa. To da gaske zuma na maganinsa ko zuciyata ce kawai? Yaya ake shafa ta? In na dage da shanta kullum da safe zai daina dawowa? Sannan maigidana ya ware kofinsa, wai kada ya ɗauka.
Malama mai 'ya'ya uku

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Bari in fara da maigida tunda nasa ne mai sauƙi: ki gaya masa ya mayar da kofinsa cikin 'yan uwansa. Abin da kika siffanta shi ne gyambon da likitoci ke kira afta, kuma ba a ɗaukarsa, ko ta kofi, ko ta cokali, ko ta wata hanyar da kunya ta hana ki rubutawa. Wanda ake ɗauka daban ne, wato ƙurajen nan masu ruwa da ke fesowa a wajen leɓe, sau da yawa bayan an tashi daga zazzaɓi, su fashe su yi ɓawo. Waɗancan ƙwayar cutar hafis ce ke kawo su. Naki kuwa garkuwar jikinki ce da kanta take far wa wani ɗan wuri a fatar cikin baki, ta cinye samansa, ta bar jijiyoyin a buɗe suna shan miyau da gishiri. Shi ya sa abu ƙanƙane haka yake hana babban mutum magana.

Masu fama da shi suna da yawa, kusan mutum ɗaya cikin biyar, kuma ni ma ina cikin layin. Ina ɗaliba, duk ƙarshen zango in jarrabawa ta gabato sai ya tsiro mini a ƙasan harshe, daidai inda yake gugar haƙori. Na taɓa shiga jarrabawar baka da guda biyu, malamin yana ta kallona yana zaton ban yi karatu ba, alhali duk kalmar da ke da harafin "r" ce ta gagare ni. Don haka in kin ce karatu na yi miki wuya a aji, na san abin da kike nufi.

To, zuma. Ba zuciyarki ba ce. Zuma kusan kashi 80 cikin 100 suga ce, ruwan cikinta bai wuce kashi 17 zuwa 18 ba. Abu mai kauri haka in ya haɗu da ƙwayar cuta sai ya zuƙe mata ruwan jiki, kamar yadda gishiri ke tsotse ruwan nama. Sannan tana da tsami a ɓoye wanda zaƙi ya rufe, a ma'aunin tsami tana tsakanin 3.2 da 4.5, yawancin ƙwayoyin cuta kuma ba sa bunƙasa a irin wannan wurin. Akwai kuma wani sinadari da ƙudan zuma ke zubawa daga jikinsu lokacin da suke haɗa ta, wanda in zumar ta haɗu da ɗanshi yake sakin haidirojin feroksaid kaɗan-kaɗan, irin ruwan nan mai kumfa da ake wanke rauni da shi, sai dai nata mai laushi ne ƙwarai. Amma ki lura, tunda ba ƙwayar cuta ce ta haifar da naki gyambon ba, babban aikin da zuma ke yi miki shi ne ta lulluɓe wurin, ta rage kumburi, ta hana dattin baki tsananta shi har fata ta samu ta haɗe.

Mutane sun daɗe da sanin wannan. Takardun likitancin tsohuwar Masar na wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa cike suke da haɗe-haɗen zuma don rauni, ga kuma aya ta 69 a Suratun Nahli da ta ambaci waraka a cikinta. A zamanin nan ma an gwada ta a kan irin ciwonki takamaimai. A shekarar 2014 wasu likitoci a Saudiyya suka wallafa gwajin da suka yi wa mutum 94 masu ƙananan gyambon baki mai dawowa. Suka kasa su uku: wasu zuma, wasu man sitiroyid da aka saba rubutawa, wasu kuma wani man da ke lulluɓe wurin kawai. Masu zuma ne gyambonsu ya fi saurin raguwa, zafin ma ya riga na sauran sauka. Gwaji ɗaya ne, mutanen kuma ba su da yawa, don haka ba na ɗaga shi sama da inda yake. Amma ya dace da abin da nake gani a wurin marasa lafiya, da abin da na gani a bakina.

Inda yawancin mutane ke yin asara shi ne wurin shafawa. Baki na samar da miyau tsakanin rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a yini. In kika lakato zuma da yatsa kika dangwala a kan jiƙaƙƙen gyambo, kafin ki rufe kwalbar miyau ya wanke ta, cikinki ne ya sha magani. Ga yadda nake yi. Bayan cin abinci sai in kurkure da ruwan ɗumi kofi ɗaya da rabin cokalin shayi na gishiri. In tsaya gaban madubi, in jawo leɓen waje, in ɗora auduga mai tsabta a kan wurin in danna a hankali har ya bushe, ya daina ƙyalli. Sai in ɗauki tsinken auduga sabo in lakato zuma kamar ƙwayar shinkafa biyu, in ɗora, kada a goga. Daga nan in ci gaba da riƙe leɓen a buɗe minti ɗaya ko biyu, miyau na dalala, yara na dariya. Ba ci ba sha har rabin awa. Sau uku ko huɗu a rana. Tsinken da ya taɓa baki kuma ba ya komawa cikin kwalba.

Akwai wata dabara da masu wannan ciwo suka fi likitoci sani. Kafin ya fashe, yakan aiko da saƙo: wani ɗan ƙaiƙayi ko zuga a wurin, kwana ɗaya ko biyu kafin ki ga komai. Tun a lokacin ake fara shafawa, kada a jira ya buɗe baki.

Raɗaɗin da kika ji daga tsamin nan ne da kuma zuƙar ruwan da take yi. Ya kamata ya lafa cikin minti ɗaya ko biyu, wurin ya yi sanyi. In kuwa leɓe ya kumbura, ko maƙogwaro ya fara ƙaiƙayi, ko jiki ya yi borin jini, to jikinki ba ya son ta, ki bari, in numfashi ya fara wuya kuma asibiti nan take. Kuma don Allah kada ki haɗa ta da komai. Na ga wadda ta kwaɓa zuma da lemon tsami da tafarnuwa, ta zo mini da gyambo ya ninka girmansa. Na ga wanda ya ɗora ƙwayar asfirin a wurin ya kwana da ita, ta ƙone masa kumatu fari fat. Zuba ta cikin shayi mai zafi kuma daɗin baki ne kawai, don zafi na lalata sinadarin nan na ƙudan zuma, ga shi kuma ta wuce gyambon a guje. Abu na ƙarshe a nan, ni mai duba haƙori ba zan iya yin shiru a kansa ba: zuma suga ce, ƙwayoyin da ke rarake haƙori kuma ba ruwansu da darajarta. Shafawar dare ki yi ta rabin awa kafin goge baki, kada ki kwana da ita.

Yanzu tambayar da na san ita ce ta sa ki ɗauki biro. In kin sha zuma kullum da safe zai daina dawowa? A'a, Malama. Ki sha in kina so, abinci ce mai kyau, amma tana aiki ne a kan gyambon da ya riga ya fito. Abin da ke aiko su duk wata yana wani wurin, kuma ruwa ba ya tsami banza. Na sake karanta wasiƙarki sau biyu, jimla ɗaya ce ta tsaya mini: "tun haihuwar nan ta ƙarshe abin ya ƙaru." Ciki uku, haihuwa uku, shayarwa, ga al'ada duk wata. Kowanne yana ɗiba daga ma'ajiyar sinadarin ayon da ke jikin mace, fatar cikin baki kuma tana daga cikin wuraren da ke saurin sabunta kansu, don haka da wuri take nuna alama in kayan gini sun yi ƙaranci. Ki je a yi miki gwajin jini gaba ɗaya, sannan ki ce a auna feritin, da bitamin B12, da folik asid. Na jaddada feritin ne saboda shi ke nuna abin da ya rage a ma'ajiya. Ana iya ce miki jininki ya isa alhali rumbun ya kusa zama fanko. Haka ta faru da ni bayan haihuwata ta biyu. Ina ta ɗora laifi kan aiki da rashin barci, sai wata abokiyar aikina ta matsa mini na yi gwajin. Wata uku na yi ina shan ƙwayar ayon, abin da yake zuwa kusan duk wata ya koma sau biyu ko uku a shekara. Sai dai kada ki je ki sayi ayon ki fara sha ba tare da gwaji ba, yawansa ma cuta ne.

Kada kuma in ba ki fatan da ya wuce kima. Mutane da yawa gwajinsu lafiya lau yake fitowa, kuma abin na bin jini, sau da yawa in ka tambaya za ka ji uwa ko uba ko yaya na yi. Ki tambayi yayarki yadda aka yi ta san zuma. Ko a irin wannan halin akwai abin yi. A shekarar 2009 an wallafa wani gwaji daga Isra'ila a kan mutum 58, inda aka ba wasu bitamin B12 na ƙarƙashin harshe, maikirogiram 1000 kullum har wata shida. Zuwa wata na biyar da na shida gyambon ya ragu sosai a wurinsu, har da waɗanda tun farko B12 ɗinsu bai yi ƙasa ba. Abu ne da za ki iya tattaunawa da likitanki.

Sai ƙananan abubuwa da ake rainawa. Ki juya kwalin man goge bakinki ki karanta. Yawancinsu na ɗauke da sinadarin kumfa da ake taƙaita sunansa da SLS, wanda ke wanke siririn majinar da ke kare fatar baki. Ba kowa yake damu ba, binciken da aka yi a kansa ma bai zo da murya ɗaya ba, amma gwada marar SLS na wata biyu ko uku ba ya cutar da kowa, wasu kuma a nan matsalarsu ke ƙarewa. Buroshi ya zama mai laushi. Ki bi haƙoranki da harshe ɗaya bayan ɗaya, in akwai mai kaifi ko wanda ya ɓantare, musamman in gyambon a wuri ɗaya yake yawan fitowa, likitan haƙori zai goge shi cikin 'yan mintuna. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ga mai irin jikinki, cizon kumatu ɗaya ya isa. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da daikulofenak suna tayar wa wasu da shi. Tumatir, abarba, lemo, barkono da soyayyen abu mai kaifi suna hura wutar wanda ya riga ya fito, wasu kuma sukan lura cakulan ko gyaɗa na jawo musu.

Tunda ke malama ce, ki buɗe masa rajista kamar ta ɗalibai. Ranar da ya zo, inda ya zauna, kwana nawa ya yi, saura kwana nawa al'ada ta zo, awa nawa kika yi barci a makon, ko lokacin makin jarrabawa ne. Wata uku kawai. Sau da yawa mai ciwon da kanta take gano ɓarawon kafin ta kawo mini takardar.

Irin naki, ƙarami da bai kai santimita ɗaya ba, mai warkewa cikin kwana bakwai zuwa sha huɗu ba tabo, shi ne mafi yawa, kusan takwas cikin goma. In wani ya zo da zafin da zuma ta kasa, akwai man tirayamsinolon da ake mannawa a wurin, da ruwan kurkure baki na kulohekzidin, wanda ke sa haƙori duhu in an daɗe ana amfani da shi, da man da ke kashe zafi na ɗan lokaci kafin cin abinci. Yin amfani da su ba cin amanar zuma ba ne. Amma ki ajiye kwalbar ki nemi likita idan gyambo ya wuce mako uku, ko ya fi santimita ɗaya, ko yana barin tabo. Haka nan in irinsa ya fito a al'aura, ko ido ya yi ja yana ciwo, ko gaɓoɓi na kumbura, don waɗannan tare suna nuni ga cutar da likitan fata ɗan Turkiyya Hulusi Behçet ya siffanta a 1937, kuma tana iya taɓa gani. Gudawa mai daɗewa, jini a bayan gida, ko rama ba dalili, su kuma hanji ake dubawa. In ana yawan zazzaɓi da kamuwa da cututtuka, a duba fararen ƙwayoyin jini, a yi gwajin HIV, ba don ana zargin kowa ba. Ban ga ko ɗaya daga cikin waɗannan a wasiƙarki ba. Allah ya ƙara sauƙi, ki rubuto mini abin da feritin ya nuna.

Tambaya: Likita, 'yata wata takwas gare ta. Kwana uku ke nan bakinta ya yi fari-fari a harshe da cikin kumatu, tana ƙin kama nono tana kuka. Ni nakan shafa zuma in nawa ya fito. Zan iya shafa mata kaɗan?
Wani uba

Amsa: Kada ka shafa, ɗan uwa, ko ɗigo ɗaya. Yaron da bai cika shekara ɗaya ba ba a ba shi zuma ta kowace hanya, a baki, a ruwa, ko a kan nonon uwa. Zuma kan ɗauki irin wata ƙwayar cuta, kulostiridiyam botulinam, a kwance kamar iri a busasshiyar ƙasa. Hanjin babba ba ya barin ta ta tsiro, na jariri kuwa bai yi wannan ƙarfin ba. In ta tsiro sai ta saki dafin da ke shanye jijiyoyi: yaro ya daina bayan gida, tsotsonsa ya yi rauni, kukansa ya dushe, fatar idonsa ta sauko, wuyansa ya saki, har ta kai ga numfashi. Tafasa zumar ba ya kashe irin, kyawunta ko tsadarta kuma ba su da alaƙa da wannan. In an riga an ba ta, kada hankalinka ya tashi, abin ba ya yawan faruwa, amma ku sa mata ido har wata guda, in kun ga ɗaya daga alamomin nan ku tafi asibiti a ranar.

Abin da ka siffanta ma bai yi kama da naka ba. Farin da ke manne a harshe da kumatun jariri kamar guntun madara, wanda in an goge yake barin ja, yawanci wata ƙwayar cuta ce da ake kira kandida ke kawo shi, yana da maganinsa na ɗigawa a baki, sau da yawa kuma sai an haɗa da kan nonon uwar don kada su riƙa mayar wa juna. In akwai zazzaɓi da ƙuraje a tafin hannu da ƙafa, wata cutar ce daban. Ku kai ta a gani. Kafin nan ku ƙirga fitsarinta, in ya ragu sosai ko bakinta ya bushe, kada ku kwana.

Tambaya: Hajiya Likita, wace zuma ce ta fi? Na ji ana ta zancen manuka. Tawa kuma ta daskare a kwalba, ƙawata ta ce suga aka zuba. Sannan ina da ciwon suga, shekara tara ina shan metfomin, ya halatta in shafa?
Mai karatu

Amsa: 'Yar uwa, manuka zuma ce da ƙudan ke haɗawa daga furen wata bishiya a ƙasar Niyu Zilan. Wani masani a Jami'ar Waikato, Peter Molan, shi ya lura tun shekarun 1980 cewa ƙarfinta na kashe ƙwayoyin cuta ba daga feroksaid kaɗai yake ba, daga baya a 2008 masu bincike a Jamus suka nuna wani sinadari ne mai suna metilgilayoksal. Da irinta ake yin zumar asibiti da ake tsabtacewa da haske na musamman don ɗaure manyan raunuka. Amma don ɗan gyambon cikin leɓe, ba sai kin wahalar da aljihunki ba, zuma tsantsa wadda ba a dafa ba ta wadatar.

Daskarewa kuma ba shaidar algus ba ce. Gulukos ɗin cikinta ne ke yin tsakuwa-tsakuwa, zuma ta gaskiya na yin haka, musamman da sanyi. Ki tsoma kwalbar cikin ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba. Gwaje-gwajen nan na ashana da ɗigawa a ruwa da jiran tururuwa, ban yarda da ko ɗaya ba, mai algus ya san su kafin ke.

Game da suga: cokalin shayi ɗaya na zuma na ɗauke da wajen giram shida na suga, abin da za ki ɗora a gyambo kuma bai kai kwatan cokali ba. Shafawa ba matsala, shan cokali-cokali ne sai da lissafi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne shekara taran nan. Metfomin in an daɗe ana sha yana rage B12 a jiki. Kada ki daina shan maganinki, amma ki ce a auna miki.

Tambaya: Mama Likita, mahaifinmu shekararsa 61, ya daɗe yana shan taba. Mako bakwai ke nan wani gyambo ya fito masa a gefen harshe, guda ɗaya. Ba ya masa zafi sosai, gefensa ya yi tauri, wani lokaci yana ɗan jini. Bai taɓa irinsa ba. Kullum yana shafa zuma safe da yamma, ya ce yana jin sauƙi, ya ƙi zuwa asibiti. Kwanan nan na ga wani ɗan ƙullutu a wuyansa. Mu ƙara masa lokaci?
Babban ɗansa

Amsa: Ɗana, kada ku ƙara ko mako ɗaya. Na ajiye wasiƙarka a ƙarshe ne don kada ta ɓace a tsakiya. Gyambon da muke ta magana a kansa yana da zafi, yana da laushi, yakan fara tun ƙuruciya, kuma yana tafiya da kansa cikin mako biyu. Na Baba ya saɓa wa kowanne: ya fara a shekara 61, guda ɗaya ne, yana gefen harshe, ya yi tauri, ba ya zafi, ya yi mako bakwai, ga taba, ga ƙullutu a wuya. Ba zan iya sa masa suna daga wasiƙa ba, kuma akwai abubuwan da ke kama da haka waɗanda ba su da haɗari, kamar haƙori mai kaifi da ya daɗe yana yanka. Amma wannan siffar ita ce ake koya mana mu ɗauka a matsayin sankarar baki har sai gwaji ya wanke ta. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce duk gyambon bakin da ya wuce mako uku ba dalili sai ƙwararre ya gani da gaggawa. Sauƙin da yake ji gaskiya ne, zuma na sanyaya saman wurin, kuma wannan sauƙin ne ke cinye muku lokaci. Wannan cuta in an kama ta tana ƙarama ana warkewa sosai, in ta bazu zuwa wuya aikin yana ƙara nauyi.

Ku kai shi wurin likitan haƙori ko na kunne da hanci da maƙogwaro, ku faɗi mako bakwan nan da ƙullutun tun a bakin ƙofa, kada ku yarda a sallame ku da ruwan kurkure baki kawai. Abin da ake buƙata shi ne a kashe zafin wurin, a ɗauki ɗan guntun nama a duba a madubin likita, aikin 'yan mintuna ne.

Na san dattawa, in ka ce masa zumarsa ba ta aiki, ka rufe ƙofar da kanka. Kada ka yi jayayya da ita. Ko da sakamakon ya zo da abin da ba mu so, tana da wurinta: ƙungiyar ƙwararrun duniya masu kula da masu jinyar sankara ta sanya zuma cikin shawarwarinta na 2020 don rage ciwon bakin da gashin haske, wato gasa sankara da hasken na'ura, ke jawo wa masu sankarar kai da wuya. Ka ce masa, "Baba, ku taho da kwalbar, likita ce ta ce tana so ta ga wurin." In ba ya jin taka, nemo ƙaninsa ko amininsa da yake jin nauyi, ku tafi tare gobe da safe.